Shirin Fita Aiki Ƙasar Waje Karon Farko: Takarda, Kwantiragi da Ikon Dawowa

Fita neman abinci a wata ƙasa tsohuwar al'ada ce a wajen mutanen Najeriya, musamman Hausawa, waɗanda fatakensu suka daɗe suna bin hanyar Gwanja domin sayo goro, suna kafa zanguna a Salaga da Kumasi da sauran garuruwan da suke cikin Gana a yau, yayin da maniyyata aikin hajji suke bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, suna tsayawa su yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira da ke Sudan, wani lokaci na tsawon shekaru, kafin su tara abin da zai ƙetarar da su Bahar Maliya. Abin da ya riƙe wancan tsari shi ne amana da sanayya, domin baƙo yana sauka ne a hannun fatoma, wato mai masaukin da yake ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma shige masa gaba wajen sarkin zango idan rigima ta taso. Tafiyar yau ta bambanta da waccan ta fuska guda wadda ta shafi komai, domin hukumar ƙasar da mutum ya je ba ta san fatoma ba, ba ta san alkawarin baki ba, iyakar abin da ta sani shi ne abin da aka rubuta a fasfo da biza da takardar yarjejeniyar aiki. An ga alamar wannan sauyi tun a 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardun zama makonni biyu su fice, aka koro dubban 'yan Najeriya, ciki har da waɗanda aka haifa a can, kamar yadda ita ma Najeriya ta kori baƙi marasa takardu a 1983. Mafi yawan wahalar da masu fita karon farko suke faɗawa ciki tana tasowa ne daga ɗaukar amana irin ta da, a kai ta inda takarda kaɗai take da baki.

Tafiyar aiki iri-iri ce, kuma kowane iri da dokarsa. Akwai ma'aikacin da ma'aikatarsa ko kamfaninsa ya tura shi taro ko horo na 'yan kwanaki, wanda albashinsa yana nan gida kuma bizar ziyarar kasuwanci ta ishe shi. Shirinsa bai wuce takardar gayyata da wasiƙar izinin ma'aikatarsa da shaidar masauki da tikitin dawowa ba, sai kuma kiyaye wa'adi, kamar ƙa'idar ƙasashen Turai masu biza ɗaya ta Shengen, wadda ta taƙaita zaman baƙo ga kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Akwai wanda gwamnati da kanta take turawa, kamar malamai da likitoci da injiniyoyin da shirin ba da taimakon ƙwararru na Najeriya, wanda aka kafa a 1987, yake aikawa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Akwai mai shiga ƙasashen ECOWAS, wanda yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90, ko da yake izinin shiga daban yake da izinin zama da aiki, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta wajabta wa mai zuwa can ya binciki halin da ake ciki kafin ya tashi. Irin da ya fi buƙatar dogon nazari shi ne na wanda zai bar gida ya karɓi albashi daga hannun mai aiki a ƙasar waje, likita ne ko ma'aikaciyar jinya ko direba ko mai aikatau, domin shi ne wanda zamansa gaba ɗaya zai rataya a wuyan wani mutum ko wani kamfani.

Fasfo shi ne matakin farko, kuma Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa ce kaɗai take bayar da shi. Akwai mai shafi 32 da ke aiki shekara 5, akwai mai shafi 64 da ke aiki shekara 10, waɗanda kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da naira 200,000 daga Satumban 2025. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare, kuma ga mai niyyar daɗewa mai shekara goma ya fi alheri, saboda sabuntawa a ofishin jakadanci takan ɗauki lokaci, takardar zama kuwa ba ta sabuntuwa a kan fasfon da ya mutu. Sai dai abin da ya fi addabar 'yan Arewa a wannan mataki shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Ba a samun fasfo yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma bayanan da ke kanta su ne ake zubawa a fasfon, alhali mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammad a shaidar digiri, sunan mahaifinsa ya zo a ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan garinsu ya maye gurbinsa, kamar yadda aka saba tun zamanin makarantun kwana na lardi. Mutane da yawa kuma ba a yi musu rajistar haihuwa ba, sai suka dogara da takardar rantsuwar kotu, wasu ma suka rage shekaru domin bautar ƙasa ko neman aikin gwamnati. A gida ana kau da kai ga irin wannan, amma jami'in biza da kamfanin tantance takardu suna ɗaukar saɓanin harafi ko na shekara a matsayin alamar mutum biyu ko alamar jabu, kuma a Birtaniya wanda aka samu da gabatar da bayanin ƙarya ana iya hana shi shiga har shekara goma. Gyaran suna yana bi ta hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, yana cin makonni ko watanni, saboda haka da shi ya kamata a fara tun kafin a nemi aikin.

Takardun karatu su ma sai an tsaya musu. Ƙasashe da dama, musamman na Larabawa, suna buƙatar a tantance shaidar karatu a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatiminta, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya amince da ita. Ma'aikacin lafiya mai nufin Saudiyya sai kamfanin DataFlow ya tuntuɓi makarantar da ya yi da asibitin da ya yi aiki domin tabbatar da takardunsa, sannan ya zauna jarrabawar Prometric kafin hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasar ta yi masa rajista. Mai nufin Birtaniya kuwa sai ya ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, likita ya ƙara da PLAB, ma'aikaciyar jinya kuma ta yi jarrabawar kwamfuta tun tana gida, ta yi ta aikace bayan ta isa. Abin lura a nan shi ne kowace takarda tana da ranar mutuwarta, domin sakamakon IELTS shekara biyu ake karɓarsa, takardar gwajin tarin fuka da Birtaniya take nema daga mai zaman da ya wuce wata shida ita ma wata shida take yi, haka nan takardar shaidar kyawun hali ta 'yan sanda ba ta daɗewa, saboda haka wanda ya tara su gaba ɗaya cikin ɗoki yakan tarar ta farko ta mutu kafin ta ƙarshe ta fito. Ta fuskar lafiya, katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda sashen lafiya na filayen jirgi da tashoshin ruwa yake bayarwa, wajibi ne ga ƙasashe da yawa. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016, amma shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Sayen katin ba tare da allura ba tsohuwar cuta ce, kuma zargin katin jabu ne ya sa Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a Maris ɗin 2012, abin da ya tayar da rikicin diflomasiyya tsakanin ƙasashen biyu. Ƙasashen Tekun Fasha kuma suna tura mai neman aiki asibitocin da suka amince da su domin gwajin tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau, kuma suna maimaita gwajin bayan an isa, don haka wanda ya saye sakamako a gida kuɗin jirginsa kawai ya ɓarnatar.

Biza ita ce zuciyar al'amarin, domin ita ce take faɗin abin da baƙo ya zo yi da kuma wanda yake da iko a kan zamansa. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, da Labanon da Jodan, an gina shigar ma'aikata ne a kan kafala, wato tsarin da ke ɗaure izinin zaman baƙo da sunan wani ɗan ƙasa ko kamfani da ake kira kafili, wanda shi ne yake nemo bizar, shi ne yake fitar wa ma'aikaci iƙama, wato katin shaidar zaman da ba a buɗe asusun banki ko ganin likita ba tare da shi ba, shi ne kuma yake sabunta ta idan ta ƙare. Makamin da ya fi kaifi a hannun kafili shi ne hurub, wato rahoton da yake shigarwa cewa ma'aikaci ya gudu daga aiki, wanda idan ya tabbata a kwamfutar hukuma mutum yakan zama marar izinin zama, ana iya kama shi a ko'ina a kai shi tarhil, wato sansanin tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ya dawo gida ba tare da albashin da yake bi ba. Saudiyya ta sassauta tsarin a Maris ɗin 2021, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki da fita daga ƙasar bisa wasu sharuɗɗa ba tare da jiran yardar kafili ba, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu lambu da makiyaya ba, waɗanda su ne guraben da dillalai suka fi tallata wa talakawa. Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai aiki kafin canza aiki a 2020, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aiki bai samar da su ba. Waɗannan gyare-gyare na gaske ne, amma amfaninsu yana kaiwa ne ga wanda ya san da su kuma yake da takardar da zai kai ƙara da ita.

Daga nan ake gane haɗarin maganar da dillalai suka fi yawan faɗa, cewa a shiga da bizar ziyara ko ta Umara, idan an isa za a canza ta. Tsohuwar dabarar shiga da niyyar ibada a ɓace a cikin gari, wadda ta ƙara yawan waɗanda ake kira takari a Makka da Jidda, ta yi aiki ne a zamanin da babu hoton yatsa kuma babu kwamfuta a kowane shinge. Tun bayan manyan samamen da Saudiyya ta ƙaddamar a 2013 da 2017, marar iƙama yana rayuwa ne a ɓoye, ba ya iya kai ƙarar wanda ya hana shi haƙƙinsa, 'ya'yan da ya haifa kuma suna tasowa ba su da takardar kowace ƙasa. A Dubai ma yin aiki da bizar yawon buɗe ido laifi ne, tarar wuce wa'adi kuwa kullum ake ƙirga ta, kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta taɓa dakatar da ba 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024.

Kuskure ne a ɗauka cewa ɗaure ma'aikaci da mai aiki halin Larabawa ne kaɗai. A Birtaniya bizar ƙwararren ma'aikaci tana dogara ne da takardar ɗaukar nauyi, wadda lamba ce ta kwamfuta da kamfani mai lasisi yake bayarwa, kuma idan aikin ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikaci ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Lokacin da aka buɗe wannan ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a Fabrairun 2022, dubban 'yan Najeriya sun tafi, kuma da yawansu sun biya dubban fam domin takardar da doka ba ta yarda a sayar ba, suka isa suka tarar babu aikin ko kuma sa'o'insa ba su isa biyan haya ba. Gwamnatin ƙasar ta ƙwace lasisin ɗaruruwan kamfanoni, ta hana sababbin masu wannan aiki zuwa da iyalansu daga Maris ɗin 2024, sannan ta rufe ɗaukar su daga waje gaba ɗaya a Yulin 2025, saboda haka duk wanda yake tallata wannan biza a yau yana sayar da abin da babu shi ne. Jerin kamfanonin da suke da lasisin ɗaukar nauyi a buɗe yake a shafin gwamnatin Birtaniya na intanet, kuma dubawa kyauta ce. Akwai kuma wani abin da ma'aikatan lafiya ya kamata su sani, wato Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farautar su a irin waɗannan ƙasashe, ko da yake mutum yana iya neman aikin da kansa kai tsaye.

Dillalin tafiya, wanda jama'a suke kira ejan, shi ne mahaɗar da abubuwa suka fi lalacewa a kanta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta haramta ɗaukar ma'aikata zuwa waje ba tare da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya ba, ma'aikatar kuma tana da cibiyoyin ba masu niyyar fita shawara a Abuja da Legas da Benin, inda ake iya tambayar sahihancin kamfani. A 2023 Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda asalin ƙa'idarta shi ne kada a karɓi kuɗin nemo aiki daga hannun ma'aikaci, kuma dokar ƙwadagon Saudiyya da kanta ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da tikitin komawa gida a kan mai aiki. Amma a zahiri dillalin da yake zuwa wa talaka ba ya zuwa da allon kamfani. Sau da yawa ɗan unguwa ne, ko wata hajiya da aka sani da zirga-zirgar Kano da Jidda, ko ɗan'uwa na jini, kuma kunya tana hana a tambaye shi lasisi ko rasiɗi ko kwafin kwantiragi, domin tambayar tana kama da tuhuma. A wannan gaɓa ce tsohuwar amana take cutar da mai ita, saboda fatoman da yana zaune a garin da baƙo ya sauka kuma mutuncinsa yana tafiya tare da lafiyar baƙonsa, dillalin yau kuwa aikinsa yana ƙarewa ne a ƙofar filin jirgi, wanda zai karɓi matafiyin a can ma wataƙila bai taɓa ganinsa ba. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, ta sha ceto mata da aka yi wa alkawarin aikin shago ko koyarwa suka ƙare a aikatau a Labanon da Oman da Iraƙi, kuma a 2020 an kai ga sanya hoton wata 'yar Najeriya a Facebook a Labanon ana neman mai sayenta. Hanyar Agadas zuwa Libiya ita ce mafi munin wannan ciniki, kamar yadda hotunan gwanjon mutane da tashar CNN ta nuna a Nuwamban 2017 suka bayyana wa duniya.

Kuɗin da ake biyan dillali shi ne yake mayar da mummunan aiki ya zama kurkuku. Wanda ya sayar da gonar gado, ko ya jinginar da gida, ko ya kwashi adashen mahaifiyarsa domin ya tafi, ba ya iya ƙin aikin da ya tarar ko da ya saɓa wa wanda aka yi masa alkawari, ba ya kuma iya dawowa hannu rabbana ya dubi waɗanda suka tara masa kuɗin. Wani lokaci ma dillalin ne yake biyan komai, da sharaɗin a riƙa cire bashin daga albashi na watanni, wanda shi ne ainihin abin da dokokin duniya suke kira bautar bashi. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa a auna shirin matafiyi da shi shi ne ko yana da ikon dawowa idan abu ya ɓaci, wato fasfonsa yana hannunsa, yana da kuɗin tikiti a ajiye inda mai aiki ba ya iya taɓawa, kuma bai bar bashin da zai hana shi shiga gari ba. Wanda bai cika waɗannan ba, jinkirta tafiyar shekara guda ya fi masa alheri a kan gaggawa.

Kwantiragi kuwa a gida ake karanta shi, tun ƙafa ba ta taka jirgi ba. A Saudiyya rubutun Larabci shi ne abin dogaro a kotu idan ya saɓa da fassararsa, saboda haka ya kamata a kai shi ga wanda ya iya Larabci na zamani ya karanta, kuma irin waɗannan mutane ba su da wuyar samu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Abubuwan dubawa su ne sunan aikin, domin shi za a rubuta a iƙama. Ainihin albashi a ware da alawus, domin a kansa ake lissafa wasu haƙƙoƙi. Sa'o'in aiki, waɗanda dokar Saudiyya ta tsayar a 48 a mako ga ma'aikatan kamfanoni. Ranar hutu da masauki da inshorar lafiya. Da wa'adin gwaji, wanda ake iya sallamar mutum a cikinsa ba tare da diyya ba, kuma yana iya kaiwa kwana 180. Dokar ta tanadi ladan ƙarshen aiki, rabin albashin wata a kan kowace shekara daga cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta kuma haramta wa mai aiki riƙe fasfon ma'aikaci, ko da yake ana yin hakan sosai. Dabarar da aka fi sani ita ce sauya kwantiragi bayan an isa, a miƙo wa mutum sabuwar takarda mai ƙaramin albashi yana cikin gajiyar tafiya, kuma maganinta shi ne duba abin da aka yi wa rajista a manhajar Qiwa ga ma'aikatan kamfanoni, ko Musaned ga masu aikin gida, kafin a sa hannu a kan komai. A Birtaniya abin tsoro shi ne sharaɗin mayar da kuɗi, wanda yake tilasta wa ma'aikacin da ya bar aiki da wuri ya biya kamfani abin da ya ce ya kashe a kansa.

Lissafin albashi yana ruɗar masu fita saboda suna juya shi zuwa naira tun kafin su cire abin da zama zai ci. Faɗuwar naira daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 ta sa kowane albashin waje ya zama kamar dukiya a ido, alhali a Ingila haraji da inshorar ƙasa da haya da kuɗin ɗumama ɗaki suna cinye mafi yawansa, kuma albashin farko ba ya zuwa sai bayan wata guda, bayan an riga an nemi kuɗin ajiya na haya. Guzurin wata biyu shi ne mafi ƙarancin abin da hankali zai kwanta da shi. Wanda zai fita da kuɗin da ya wuce dala 10,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana su ga jami'an kwastam, in ba haka ba ana iya ƙwace su a gurfanar da shi. Kuɗin da 'yan Najeriya suke aikowa gida yana kaiwa kimanin dala biliyan 20 a shekara bisa ƙiyasin Bankin Duniya, kuma wannan adadi yana nuna nauyin da ke jiran matafiyi, domin dangi sukan fara kawo buƙatu tun kafin ya karɓi albashin farko. Gaya musu gaskiyar abin da zai iya aikowa tun yana gida yana rage husuma daga baya.

Batun kaya yana da haɗarin da ya kai ga rai. Al'ada ce duk mai tafiya a ba shi saƙo ya kai wa wani, ƙin karɓa kuma ana ganinsa rashin zumunci, amma Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma akwai 'yan Najeriya a cikin waɗanda aka zartar wa hukuncin. A Disamban 2018 an kama wata ɗalibar jami'a da ta je Umara daga Kano saboda wata jakar da aka samu taramadol a cikinta ɗauke da sunanta, ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilun 2019, bayan binciken hukumar NDLEA ya gano wasu miyagu a filin jirgi da suke liƙa sunayen fasinjoji a kan jakunkunan da ba nasu ba. Saboda haka matafiyi ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunan da aka auna masa, ya tabbatar adadin da ke kan takardar kaya ya yi daidai da nasa, ya kuma adana ta har ya fita daga filin jirgin da ya sauka. Magungunan da suke ɗauke da taramadol ko kodin suna buƙatar takardar likita, Saudiyya ta hana shiga da goro, Birtaniya da Tarayyar Turai da Amurka kuma ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama, abin da ya haɗa da kilishi da dambun nama. A wajen sayen tikiti ma a duba inda jirgi zai yada zango, domin ɗan Najeriya yana buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin ƙasashen Shengen da na Birtaniya ko da ba zai fita waje ba, sai idan yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa wannan sharaɗi.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda aka bari. Ƙananan ayyuka ba sa ba da damar tafiya da iyali, kwantiragin shekara biyu kuwa yakan zama huɗu, kuma a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa suke bi, matar da mijinta ya yi nisa ya bar ta babu ciyarwa tana da damar kai kuka ga alƙali, har a kai ga raba auren. Ya kamata magidanci ya bar ciyarwa tsayayya, ya naɗa wakili a gaban shaidu, ya rubuta basussukan da ake bin sa da waɗanda yake bi, ya kuma bar wasiyya, kuma kuɗin da zai riƙa aikowa domin gini ko sayen fili ya bi ta asusun da ke da sunansa, domin rigimar da ke tashi tsakanin ɗan ci-rani da ɗan'uwan da ya riƙe masa dukiya sananniya ce a kotuna.

Bayan sauka, ofishin jakadancin Najeriya, kamar na Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, shi ne mafakar da doka ta sani. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba duk baƙon da aka kama damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema, ofishin kuma yana iya ba wanda fasfonsa ya ɓace ko aka riƙe masa takardar tafiya ta gaggawa domin ya koma gida, ko da yake ba ya iya soke hukuncin kotu ko biya wa mutum tara. A gida hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje da NAPTIP su ne suke karɓar koken iyalai, amma ba sa iya neman mutumin da danginsa ba su san komai game da shi ba face cewa ya tafi Saudiyya ta hannun wane. Abin da suke tambaya shi ne cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da kwafin biza da kwantiragi, da sunan kafili ko kamfani da adireshinsa, da sunan dillalin da shaidar kuɗin da aka biya shi, kuma waɗannan duka ya kamata a bar kwafinsu a hannun mutum biyu a gida, a kuma ajiye hotonsu a akwatin imel da matafiyin zai iya buɗewa daga kowace waya idan aka karɓe tasa.